Ƙarfe a Ƙwaƙwalwa da Ciwon Farfaɗiya: Amsar Wasiƙunku

Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Funtuwa. Ta ce ɗanta yana fama da farfaɗiya tun bayan da ya faɗo daga kan babur ya bugu a ka, kuma ta ji ana cewa likitoci sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo sun tarar da ƙarfe ya taru a ciki. Shi ne take tambaya ko ta daina ba shi hanta da alayyafo da maganin ƙarin jini.

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki hana shi abincinsa, kuma idan likita ne ya rubuta maganin ƙarin jinin, ki ci gaba da ba shi yadda aka ce. Sinadarin ƙarfe yana jikin kowa. Babban mutum yana ɗauke da kamar giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jini, kuma ita kanta ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai da shi. Tun a 1958 wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Hallgren da Sourander, suka nuna cewa ƙarfen ƙwaƙwalwa yana ƙaruwa da shekaru ko a mutum mai lafiya.

To, ina matsalar take? Idan mutum ya bugu a ka, jini yakan tsiyaye cikin ƙwaƙwalwa. Jinin nan yana rugujewa a hankali, ya bar ƙarfensa a wurin, shi kuma ƙarfen da ya zauna inda ba muhallinsa ba yakan ci ƙwayoyin da ke kewaye da shi kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Daga irin wannan tabo ne farfaɗiya kan taso, wani lokaci bayan watanni ko shekaru. A 1978 wani likita a Amurka, Willmore, da abokan aikinsa sun zuba gishirin ƙarfe a ƙwaƙwalwar ɓeraye, sai ga su suna farfaɗiya. Kin ga ke nan, Hajiya, ƙarfen da ake magana daga rauni ya fito, hantar da kika soya masa ba ta da laifi. Masana kuma sun lura cewa abin yana tafiya ta fuska biyu, domin yawan tashin ciwon shi ma yakan sa ƙarfe ya ƙara taruwa.

Sai wani malami daga Maraɗi, wanda ya ce yaya na'ura za ta ga ƙarfe alhali ba a buɗe kan mutum ba, kuma ko ya kai ƙaninsa mai farfaɗiya a yi masa hoton.

Malam, na'urar da ke ɗaukar wannan hoto, wato MRI, ƙaton maganaɗisu ce. Duk inda ƙarfe ya taru, yakan ɗan karkatar da ƙarfin maganaɗisun, sai kwamfuta ta lissafa karkatar ta zana taswira. Dabarar da ake kira QSM ita ke auna yawan, har ma tana bambanta tsohon jini da tabon da ya daskare da sinadarin ƙashi, irin wanda tsutsar alade kan bari a ƙwaƙwalwa. Amfaninta ya fi fitowa ga wanda magani ya ƙi yi wa aiki, ana neman ainihin gurbin da ciwon ke tasowa don a yi tiyata.

Amma a nawa ganin, kada ka sayar da akuya don neman wannan awo. Har yanzu galibi aikin masu bincike ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashinta idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Magungunan kuwa tsofaffi ne da aka daɗe da sani, irin su fenobabiton da kabamazafin. Fara kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Zai saurari labarin yadda ciwon ke kama shi, wataƙila ya sa a yi gwajin EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, sannan shi zai ce ko akwai buƙatar hoto.

Idan har aka tura ku MRI, ku faɗa wa ma'aikata in akwai ɓarɓashin ƙarfe ko harsashi ko wata na'ura da aka dasa a jikinsa, domin maganaɗisun yana fizgar irin waɗannan. Kuma don Allah, in ciwon ya tashi, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki. Idan jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.