Neman Asali a Kundin Ƙidayar Ingila: Yadda Ake Yi da Inda Ake Ɓata

'Yan'uwa ɗalibai, musamman mu 'yan ajin ƙarshe da furojet ya sha wa kai, a darasin dabarun bincike an sha nanata mana cewa takardar gwamnati ita ce hujja mafi ƙarfi. Haka ne, amma da sharaɗi. Ban ga abin da ke nuna sharaɗin nan a fili kamar kundin ƙidayar jama'ar Ingila ba, wanda masu neman asalin danginsu a can suke dogara da shi. Ko ba ka da kaka Bature, ka daure ka karanta, domin akwai wani Bahaushe a gaba.

Tun 1801 ake ƙidaya a Ingila da Wales duk bayan shekara goma. Huɗu na farko, daga 1801 zuwa 1831, yawan mutane kawai gwamnati ta tara, don haka ba su cika amfanar mai neman kakanni ba. Daga 1841 aka fara rubuta kowa da sunansa. Ana rufe bayanan mutane har shekara 100, shi ya sa ta baya-bayan nan da aka buɗe ita ce ta 1921, a watan Janairun 2022. Asalin kundayen suna babbar ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar da ke Kew a Landan, amma an ɗauki hotonsu an sa a intanet.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, ƙidayar hoton dare ɗaya ce tak. Malamin ƙidaya ya bar fom a gida, maigida ya rubuta duk wanda ya kwana a gidan a daren da aka tsayar, a dawo a karɓa. Ta 1851 daren 30 ga Maris ne, ta 1861 daren 7 ga Afrilu. Idan 'yar gidan ta tafi aikatau wani gari, ko maigida yana kwance a asibiti, ko yana cikin jirgin ruwa, ba za ka gan su cikin iyalinsu ba. Baƙon da ya yada zango a daren kuwa yana ciki. Saboda haka rashin ganin mutum a gidansu ba ya nufin ya rasu.

Abu na biyu, wanda ya fi ba ni sha'awa, shi ne hannu nawa bayanin ya ratsa kafin ya iso wayarka. Maigida ya faɗi abin da ya sani, ko abin da yake so a sani. Idan bai iya rubutu ba, wani ya rubuta masa yadda kunnensa ya ji. Malamin ƙidaya ya kwafe fom ɗin cikin littafinsa, kuma daga 1841 zuwa 1901 littattafan nan ne suka rage, an lalata fom-fom ɗin. Akawu a ofis ya bi littafin yana ja wa shekaru da sana'o'i layi yayin lissafi, wani lokacin har ya rufe lambar. Bayan shekara ɗari da wani abu, wani ya zauna gaban kwamfuta yana ƙoƙarin karanta tsohon rubutun don ya shigar da shi. Hannu huɗu ke nan ko biyar, kowanne da irin kuskurensa. Karl Marx ma bai tsira ba: a ƙidayar 1851, lokacin yana zaune a unguwar Soho, Charles Mark aka rubuta shi. Don haka kada ka tsaya a rubutun da shafin intanet ya buga maka. Ka buɗe hoton shafin littafin ka gani da idonka, ko da zai ci maka data.

Ta 1841 tana da nata tarkon. An umarci malaman ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya wuce 15 zuwa biyar-biyar, wato mai 29 a rubuta 25, mai 64 a rubuta 60, kuma ba dukkansu suka bi umarnin ba. Ba ta faɗin dangantakar mutanen gida, ba ta faɗin garin haihuwa, sai dai ko an haifi mutum a wannan lardin ko a'a. Daga 1851 ne aka samu abin da ake nema: dangantaka da maigida, aure ko rashinsa, shekaru, sana'a da garin haihuwa. Garin haihuwar nan shi ne makulli, domin shi zai kai ka ga rajistar cocin ƙauyen da aka haifi mutumin.

Ko a nan ma a yi hattara da kalmomi. Kalmar da Turancin yau ke nufin suruki da ita, a wancan zamani wasu kan yi amfani da ita ga agola. Idan ka ga "suruki" ɗan shekara shida a gida, to ɗan matar maigida ne da ta zo da shi. "Ag Lab" da za ka yi ta cin karo da shi leburan gona ne, "do" kuma na nufin daidai da na sama.

To yaya ake aikin? Daga baya ake farawa a koma gaba, wato daga abin da ka tabbatar zuwa abin da kake nema. Ka kama mutum a 1911 ko 1921, ka koma 1901, ka koma 1891, kana gwada gida da gida. Ba mutum ɗaya ake bi ba, gidan duka ake bi. John Smith a Ingila kamar Musa Ibrahim ne a rajistar makarantar nan, a gari ɗaya sai ka samu da yawa masu shekaru kusan ɗaya. Abin da zai raba su shi ne sunan mata, jerin 'ya'ya, sana'a da garin haihuwa. Idan shekaru sun goce da ɗaya ko biyu tsakanin ƙidaya da ƙidaya, ba abin damuwa ba ne, mutane da yawa ba su riƙe shekarar haihuwarsu ba, wasu kuma da gangan suke ragewa. Amma idan garin haihuwa ya sauya, sana'a ta sauya, sunan mata ma ya sauya, mai yiwuwa ka shiga gidan wani. Nan ne mutane ke ɓata, su gina bishiyar dangi mai kyau a kan kakan da ba nasu ba, wasu su zo su kwafa. A ganina gara ka bar gurbi a buɗe da ka cike shi da zato. Hanyar tabbatarwa ita ce rajistar haihuwa, aure da mutuwa, wadda gwamnati ta fara a watan Yulin 1837, kuma ana duba jerin sunayenta kyauta a FreeBMD.

Ta 1911 daban take, domin fom ɗin da maigida ya cike da hannunsa shi aka adana, har da sa hannunsa. Ta tambayi matan aure shekarunsu nawa da aure, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye, nawa suka rasu. Da wannan ake gano jaririn da aka haifa ya rasu tsakanin ƙidaya biyu, wanda babu shi a kowane kundi. A shekarar ne kuma wasu mata masu fafutukar samun 'yancin zaɓe suka ƙaurace wa ƙidayar, wata mai suna Emily Davison ma ta ɓuya cikin ginin majalisar dokoki a daren. Ta 1921 ta ƙara da sunan wanda mutum ke yi wa aiki da wurin aikin.

Bayan 1921 sai babban giɓi. Kundin 1931 ya ƙone ƙurmus a wata gobara a 1942, ba a yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙin duniya na biyu, ta 1951 kuwa sai 2052. Abin da ke cike gurbin shi ne rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba, 1939, don raba katin shaida da katin rabon abinci. Tana ɗauke da cikakkiyar ranar haihuwa, sai dai an rufe sunayen waɗanda ake ganin suna raye.

Ancestry da Findmypast na kuɗi ne, kuma da canjin yau ba aljihun ɗalibi ba ne. Amma bayanan 1881 kyauta ne a FamilySearch idan ka yi rajista, FreeCEN ma kyauta ne ko da yake 'yan sa-kai ba su gama shigar da komai ba.

Yanzu ga Bahaushen da na yi alkawari. A 1855 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya isa Landan tare da samari biyu da aka 'yanta daga bauta: Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi. Sun zauna wurin wani ɗan mishan, J. F. Schön, a yankin Chatham da ke lardin Kent, kuma daga bakin Dorugu ya samu labaran da ya buga a littafin Magana Hausa. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya yi sarautar Lakwaja. Ka lura: ya zo bayan ƙidayar 1851, ya tafi kafin ta 1861, don haka komai ƙwazonka ba za ka same shi ba, duk da ya zauna a ƙasar. Dorugu kuwa sai 1864 ya dawo, ya rasu a Kano a 1912. Kenan ƙidaya ɗaya ce rak ta riske shi a can.

Wanda ke son gwada hannunsa ya nufi ta 1861. Kada ka dogara da rubuta Dorugu kawai, domin an sa masa suna James Henry, shi Barth ma Dyrregu yake rubutawa. Ka fara da neman gidan Schön, shi ma ka gwada shi da Schon da Schoen, sannan ka duba duk wanda ya kwana a gidan, ido na kan gurbin wurin haihuwa. Ka gwada kuma barin gurbin suna a buɗe, ka sa Afirka a wurin haihuwa, Kent a wurin zama, shekaru kusan 20. Duk abin da ka samu, ka rubuta lambar kundin, wadda ta 1861 ke farawa da RG 9, da lambar shafi, don wani ya iya bin sawunka ya duba.