Makaho ma yana karatu

Kai da ka koyi karatu da idonka, ka san makaho ma yana karatu? Shi da yatsa yake yi.

Rubutun makafi ana ce masa biray. Wani makaho ɗan ƙasar Faransa, Luwi Biray, shi ya ƙago shi, ya fitar da littafinsa a 1829. Ɗigo ne masu tudu bisa takarda mai kauri. Ɗigo 6 kacal ake jujjuyawa, su ba da kowane harafi. Makaho ya shafa, ya karanta.

Kurma kuwa yana da maganar hannu. In za ka yi masa magana, tsaya gabansa cikin haske, ya ga bakinka da hannunka. Ihu ba ya da amfani.

A Yamai akwai makarantar makafi, akwai ta kurame. To, in kuna da irin wannan yaro a gida nan Lugu, kar ku ɓoye shi, kar ku ba shi ƙoƙon bara. Je ka Dogondutsi, ka tambayi ma'aikatan ilimi yadda za a sa shi makaranta. Nakasa ba kasawa ba ce.