Daga Tankin Ruwan Gida Zuwa Matatar Mai: Aikin Mai Tsara Na'urorin Awo

Darasinmu na yau zai yi bayani a kan wata sana'a da ba a cika jin sunanta ba, amma babu babbar masana'antar da ke tafiya ba tare da ita ba, wato tsara na'urorin awo da sarrafa injina.

Bari mu fara da abin da ka sani. Idan ka kara waya a kunne, allonta yakan mutu da kansa. Idan batir ya yi zafi sosai, caji yakan ragu. Ƙananan na'urori ne da ake kira sensa suke auna waɗannan abubuwa, su sanar da ƙwaƙwalwar wayar. Haka masana'anta take, sai dai a can kuskuren sensa ɗaya yana iya cinye dukiya da rayuka.

Mene ne aikinsa?

Ka ɗauki gida a unguwar Koki mai rijiyar burtsatse da tanki a sama. Sau da yawa ba a tuna famfo sai an ji ruwa yana zuba a lungu. Wanda ya sa ɗan makunni mai iyo a cikin tankin, ya kashe famfo idan ruwa ya cika, ya yi aikin mai tsara na'urorin awo a ƙaramin mataki: a auna, a yanke shawara, a ɗauki mataki.

A matatar ruwa ta Tamburawa ko masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa, abubuwa huɗu aka fi aunawa: zafi, matsin iska ko ruwa, gudun abin da ke bin bututu, da cikar tanki. Mai tsarawa shi zai zaɓi irin sensar da ta dace, inda za a ɗaura ta, da wayar da za ta kai saƙo zuwa kwamfutar sarrafawa da ake kira PLC. Sannan ya sa komai a zanen da ake kira P&ID, domin masu haɗawa da masu gyara su bi.

Darasin 4 zuwa 20

Yawancin sensocin masana'antu suna aika saƙo ne ta ƙarfin lantarki daga 4 zuwa 20 mA. A ce tanki yana da tsawon mita 5. Idan babu komai a ciki, saƙon 4 ne. Idan ya cika, 20. Idan ka ga 12, ruwa yana tsakiya, mita 2.5 ke nan.

Me ya sa ba a fara daga sifiri ba? Saboda idan waya ta tsinke, saƙon zai faɗi zuwa 0, nan take kwamfuta ta gane matsala ce ta auku, ba tanki ne ya ƙare ba. Wannan ita ce zuciyar sana'ar: kada ka tsaya a kan yadda na'ura za ta yi aiki, ka tambayi abin da zai faru ranar da ta lalace.

A ranar 11 ga Disamba 2005, a ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Ingila, ma'aunin cikar wani tanki ya maƙale, makunnin da ya kamata ya tsayar da zuba man shi ma bai yi aiki ba. Fetur ya yi ambaliya, ya fashe, sama da mutum 40 suka jikkata, wuta ta yi kwanaki tana ci.

Ƙwarewar da ake bukata

1. Tushen lantarki da lissafi. Misali, sensar zafi ta Pt100 tana nuna ohm 100 a digiri 0, adadin yana ƙaruwa idan zafi ya ƙaru.
2. Zane da kwamfuta, musamman AutoCAD.
3. Rubuta umarnin PLC, irin na Siemens ko Allen-Bradley.
4. Sanin yanayin wuri. Na'urar da za ta zauna a Kano dole ta jure zafin Afrilu mai haura digiri 40, da ƙurar hunturu. Kuma idan aka ɗauke wuta, shin bawul zai rufe ne ko zai buɗe? Kai za ka yanke tun a takarda.
5. Tsare rubutu. Kowace na'ura da lambarta, kowace waya da inda ta nufa.

Ta ina zan fara?

Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano suna koyar da injiniyancin lantarki, haka ma jami'ar kimiyya da ke Wudil. Kafin nan, sayi allon Arduino ko ESP32 da sensar auna nisa ta HC-SR04, ka ɗaura a murfin tankin gidanku. ESP32 yana da Wi-Fi, don haka za ka iya ganin cikar ruwan a wayarka. Idan ya yi aiki, cire waya ɗaya da gangan ka ga abin da zai nuna. Idan ya ci gaba da nuna tsohon adadi, da sauran aiki a gabanka.

Matatar man da Aliko Ɗangote, jikan gidan Ɗantata na Koki, ya gina a Legas, an buɗe ta a 2023 da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Duk girmanta, a kan irin wannan tunanin take tsaye.

Ga aikin gida: a tankinmu mai mita 5, idan saƙon ya nuna 16 mA, ruwa ya kai mita nawa? Mu ga amsarka.