Akwatin Sauti a Ƙarƙashin Kujerar Mota da Lafiyar Kunne

Sauti motsi ne da ke ratsa iska. Duk abin da ya kaɗa, ko fatar ganga ko tsirkiyar goge, yakan tura iskar da ke kusa da shi, ita kuma ta tura ta gaba har motsin ya isa kunne. Ana auna yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin haz. Kunnen matashi lafiyayye yana jin sauti daga haz 20 zuwa 20,000. Kaɗawa kaɗan ita ke ba da murya mai kauri irin ta tambari, mai yawa kuwa ta ba da siririya irin ta sarewa.

Lasifikar da aka ƙera don kaurin sauti kaɗai, wadda aka fi sani da wufa, tana aiki ne tsakanin haz 20 da kamar 200. A motocin a-kori-kura masu kujeru layi biyu, musamman a Amurka, akan ɓoye ta ƙarƙashin kujerar baya, domin motar ba ta da but.

Amfanin akwati

Idan fatar lasifika ta matsa gaba, takan danne iskar gabanta, ta kuma sassauta ta bayanta. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka igiyar sauti mai haz 40 ta kai tsawon mita 8 da rabi. Igiya mai wannan tsawo takan zagaya gefen lasifika cikin sauƙi, ta gaba da ta baya su haɗu su kashe juna. Aikin akwati shi ne raba su.

Akwati iri biyu ne suka fi yawa. Na farko rufaffe ne ruf, iskar da ke cikinsa ita ke mayar da fatar mazauninta. Edgar Villchur ne ya fito da wannan tsari a Amurka a 1954. Na biyu yana da bututu, inda iskar bututun ke amsa amo kamar yadda kwalba ke yi idan an busa bakinta. Mai bututu ya fi ƙara, amma yana son fili. Da yake ƙarƙashin kujera ƙunci ne, akan zaɓi rufaffe da lasifika marar zurfi mai faɗin inci 8 ko 10.

Ƙa'idojin girkawa

Da farko a auna wurin, a kwatanta da girman akwatin da masu ƙera lasifikar suka ƙayyade. A yi amfani da katako mai kaurin milimita 18, a toshe kowace kafa da gam. A bar tazara gaban fatar don kada ta riƙa bugun kujera. A ɗaure akwatin da ƙarfe, domin sakakken akwati makami ne a lokacin haɗari. Kafin a huda ƙasan mota a leƙa ƙarƙashinta, saboda a motoci da yawa tankin mai yana daidai nan. Sannan a sa fiyus a kan wayar wuta kusa da batir, kada nisan ya wuce santimita 45, don gudun gobara.

Abin da ke faruwa cikin kunne

Sauti yakan kaɗa dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa 3 su miƙa motsin zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000 waɗanda ke mayar da motsi saƙon jijiya. Georg von Békésy ya nuna cewa siririn sauti a bakin katantanwar ake jin sa, mai kauri kuwa can ƙurya. Wannan bincike ya ba shi kyautar Nobel a 1961.

Ƙara mai tsanani tana lalata waɗannan ƙwayoyi. Tsuntsaye suna iya sabunta nasu, amma na ɗan Adam in sun mutu sun tafi ke nan. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ke nan desibel 100 minti 15 kawai ya halatta. Cikin mota ɗaki ne ƙarami, rufaffe, mai ƙara wa sauti mai kauri ƙarfi, kuma mazauna baya, waɗanda galibi yara ne, su ne a kan akwatin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1 na fuskantar haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa shuu ko ya toshe bayan an kashe kiɗa. Idan sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji magana, ƙarar ta yi yawa.

Aikin aji

1. A busa bakin kwalba wofi, sannan a zuba ruwa rabi a sake busawa. Wane sauti ne ya fi kauri, kuma don me?
2. A lissafa tsawon igiyar sauti mai haz 100.
3. Awa nawa ya kamata mutum ya yi cikin ƙarar desibel 94?