Yadda Za A Shirya Wa Yara Bikin Kaka A Makaranta

'Yan'uwana ɗalibai, ga kaka ta kawo jiki, kuma da yawa daga cikinmu za a tura mu ƙauyuka koyon aikin malanta. Saboda haka na ga ya kamata mu yi shawara a kan yadda malami zai shirya wa yaransa bikin kaka.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Hausawa suna da kalankuwa, mutanen Kagoro suna yin bikin Afan ran 1 ga Janairu, a majami'u ana yin godiyar kaka, Musulmi kuma suna fid da zakka, dami ɗaya cikin goma. Ko'ina dai idan hatsi ya shiga rumbu, sai murna da godiya ga Allah, da tunawa da wanda bai samu ba.

Bara na ga an yi irin wannan biki a wata makaranta inda na yi koyon aiki. Aka ce kowane yaro ya kawo kuɗi don a sayo biskit da alewa. Da ranar ta zo sai muka ga benci uku ba kowa. Yaran da iyayensu ba su da hali sun ji kunya, sun tsaya can bayan shinge suna leƙe. Tun daga ran nan na riƙe wannan ka'ida: bikin kaka ba na kuɗi ba ne, na abin da gona ta ba mu ne, kuma lalle kowane yaro ya sami hannu a ciki.

1. Zaɓen rana. Fara neman iznin babban malami, sa'an nan ku je ku gai da mai gari, ku shaida wa iyaye. Ƙarshen Nuwamba ya fi kyau, gama a lokacin an gama da gero da acca da gyaɗa, an kuma sa hannu a yankan dawa. Kada a sa ranar kasuwa, ko Jumma'a, ko Lahadi. A fara da hantsi, a tashi kafin azahar, domin akwai aiki yana jiran yaran a gida.

2. Abin da za a kawo. Mako biyu kafin ranar, gaya wa yara kowa ya kawo ɗan abin da ke gonarsu: zangarniyar gero ko ta dawa, masara, wake, gwaza, dankali, ko kabewa. Ka aje babban kwando a bakin ƙofa kowa ya zuba, kada ka rubuta wane ya kawo kaza. Yaron da ba su da gona fa? Roƙi wani manomi ya bar ajin duka su yi kalar gyaɗa a gonarsa ran Asabar, ko kuwa a ɗebo daga lambun makaranta. Ta haka ba mai zuwa hannu wofi.

3. Ado. Ba sai an sayi kome ba. A ɗaure zangarku a rataye a ƙofa da tagogi, a jera kabewa da ƙorai a gaban allo. A lokacin aikin hannu yara maza su ƙera mota da jirgin sama da tabarau da karan dawa, 'yan mata su saƙa faifai. Amma a kakkaɓe karan sosai a waje tukuna, gama kunama da maciji suna son tarin kara.

4. Darasi. Kada malami ya manta shi malami ne. A lissafi, bari yara su auna gyaɗar da mudu. In an sami mudu 8, yara kuwa 40 ne, yara nawa za su raba mudu ɗaya? A labarin ƙasa, su faɗi dalilin da ya sa gero ya ke yi a Arewa inda ruwa kaɗan ne, doya kuwa ta fi yawa wajen Binuwai. Ka gayyato wani dattijo ya nuna musu yadda a ke zaɓen iri, da yadda a ke gyara rumbu. Yaro da ya ga kakansa yana koyarwa a gaban aji ba zai ƙara raina fartanya ba.

5. Abinci. Dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara da kunu sun isa. Roƙi iyaye mata biyu ko uku su taimaka. A tsince gyaɗar da ta yi funfuna a zubar, gama tana da dafin da ke ɓata hanta, dahuwa kuwa ba ta kashe shi. A tafasa ruwan sha, kowa ya wanke hannu da sabulu. Murhu ya yi nesa da kara da jinka, domin iskar hunturu ba ta da wuyar ɗaukar wuta.

6. Wasanni. Langa da tseren buhu da gasar ɓarar gyaɗa da gaɗa da kacici-kacici. A raba yaran ƙungiya ƙungiya, manya da ƙanana a gauraye. In makarantar ta haɗa Kirista da Musulmi, a ba kowane ɓangare dama ya yi addu'ar godiya, kada a tilasta wa yaro abin da iyayensa ba su yarda ba.

Daga ƙarshe, abin da ya rage cikin kwando kada ya bi malami gida. Nan ne sunan malami ya kan ɓaci a gari. A raba shi kashi kashi, yaran da kansu su ɗauka su kai wa tsofaffi da makafi da gwauraye, su durƙusa su gaishe su. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In yaro ya koyi bayarwa yana aji uku, da wuya ya girma da rowa.

Wanda ya gwada wannan a inda aka tura shi, ya ba mu labari in mun komo. Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.