DARASI: Yadda Ake Gyaran Kan Famfon Da Ya Yi Tauri A Wurin Kiwo

Darasinmu na yau a kan famfo ne, wato kan famfon da ya yi tauri, sai an sa hannu biyu ko filaya kafin ya juya. Da yawa daga cikin masu fara kiwo suna ɗaukar wannan ƙaramar matsala ce, alhali famfon da ya fara tauri yana hanyar karyewa ne ko ƙin buɗuwa gaba ɗaya, kuma yakan yi hakan ne a ranar da aka fi buƙatarsa.

ME YA HAƊA FAMFO DA KIWO?

Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da take ci. Kaji masu ƙwai guda 100 sukan sha wajen lita 20 zuwa 25 a rana idan yanayi na da sauƙi, a zafin bazara kuwa, watan Maris zuwa Mayu, abin yana ƙaruwa sosai. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Shi ya sa idan ruwa ya yanke wa kaji na wasu awanni da tsakar rana, sukan rage cin abinci, ƙwai ya ragu, wasu ma zafi ya kashe su.

A ɓangaren kifi ma haka ne. Mai kiwon tarwada a tamfol ko a tankin siminti ya dogara ne da bawul biyu: na shigar ruwa da na fitarwa. Idan na fitarwa ya ƙi buɗuwa, kashin kifi da ragowar abinci suna taruwa, amoniya ta hau, kifi su daina cin abinci su riƙa rataye a saman ruwa. Idan kuma an matsa masa da ƙarfi ya fashe a buɗe, ruwan tanki zai tsiyaye kana ji kana gani. Saboda haka gyaran da bai wuce na awa ɗaya ba yana iya tsare maka jarin wata huɗu.

FARA SANIN IRIN FAMFONKA

Ba duka famfo ake gyarawa iri ɗaya ba. Iri huɗu aka fi samu a gidajenmu da wuraren kiwo:

1. Famfo mai murɗawa. Shi ne na tagulla ko ƙarfe da ake juyawa sau uku ko huɗu kafin ruwa ya zo sosai. A cikinsa akwai sanda mai zare, a ƙarshenta kuma akwai woshar roba da ke danne ƙofar ruwa.

2. Famfo mai juyi kaɗan. Da ka ɗan karkata hannun ya buɗe duka. A cikinsa akwai faifan tangaram guda biyu masu gogar juna.

3. Bawul mai ƙwallo, wanda masu kayan famfo ke kira bol-bawul. Shi ne mai jan hannu ko shuɗi da ake sawa a gindin tanki da bututun fitar da ruwan kifi. Akwai na roba, akwai na tagulla.

4. Bawul mai ƙofa, wato get-bawul, mai hannu zagayayye kamar sitiyari.

ABUBUWAN DA KE SA SHI TAURI

Na farko, farin gishirin ruwa. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse da na rijiyar gida yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da maganiziyam masu yawa. Idan ruwan ya bushe sai ya bar farin ɓawo mai ƙarfi a zaren sanda. Alamarsa ita ce ka ga fari-fari a bakin famfo ko a cikin butar dafa ruwa, kuma sabulu ba ya kumfa sosai.

Na biyu, yashi da laka. Burtsatsen da ke jawo yashi ko tankin da aka daɗe ba a wanke ba yana tura ƙasa cikin famfo, ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Idan kana juyawa kana jin ƙaras-ƙaras, yashi ne.

Na uku, tsatsa, musamman a famfon ƙarfe mai araha da kuma ƙusar da ta riƙe hannun.

Na huɗu, bushewar man da kamfani ya shafa a ciki. Rana da ƙurar hunturu suna busar da shi da wuri idan famfon a fili yake.

Na biyar, ɗaure ƙaramin notin da ke ƙasan hannu fiye da kima. Sau da yawa idan famfo ya fara yoyo ta sama sai a ƙara matse wannan noti, yoyon ya tsaya, amma hannu ya ƙi juyawa.

Na shida, wannan ya shafi masu kaji: bitamin, gulukos da magungunan da ake zubawa a tanki suna barin yauƙi a cikin bututu. Yauƙin nan yana kama datti ya danƙare a cikin bawul.

KAYAN AIKI

Sufana mai daidaitawa, filaya, sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, tsohon buroshin haƙori, tsumma, ƙaramar roba ta jiƙa kaya, ruwan kal fari ko ruwan lemun tsami, man silikon na famfo, farin tef ɗin famfo, da sabuwar wosha daidai girman famfonka. Famfunan gida galibi rabin inci ne ko inci uku bisa huɗu, don haka ka tafi da tsohuwar woshar wurin mai shago don a gwada.

KAFIN KA TAƁA KOMAI

Cika wa kaji mazubansu, ka ɗebi ruwa a jarka ko bokiti wanda zai ishe su na rabin yini. Yi aikin da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba lokacin da suka fi shan ruwa. Idan bawul ɗin tankin kifi ne, ka rage ruwan da tiyo tukuna, ko ka toshe bututun ta ciki, kuma kada ka ba su abinci kafin aikin.

Sannan ka rufe ruwa daga tanki ko daga babban bawul, ka buɗe famfon ragowar ruwan ya fita. Idan akwai injin turo ruwa, kashe shi.

GYARAN FAMFO MAI MURƊAWA

Mataki na 1. Fara da abu mai sauƙi. Sassauta ƙaramin notin da ke ƙasan hannu kaɗan, kamar kwatan juyi, ka gwada. Idan hannun ya saki kuma ba yoyo, shi ke nan, aiki ya ƙare.

Mataki na 2. Idan bai saki ba, cire hannun. Ƙusarsa tana sama, wani lokaci a ƙarƙashin ɗan murfin roba, ko kuma a gefe. Ana kwancewa ne ta juyawa hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo. Idan hannun ya kafe a kan sanda, naɗe wurin da tsumman da ka jiƙa da ruwan kal na minti 30, sannan ka girgiza shi a hankali kana jan sa sama.

Mataki na 3. Kwance babban notin da ya riƙe kayan ciki. A nan ake yawan ɓarna: dole ka riƙe jikin famfon da filaya ko da hannu ɗaya yayin da kake juya sufana da ɗayan. In ba haka ba, ƙarfin zai tafi kan bututun, ya fashe a cikin bango ko ya yage bakin tankin roba. Sa tsumma tsakanin filaya da famfo don kada ya kankare.

Mataki na 4. Zaro kayan ciki ka jera su a kan tsumma yadda ka ciro su. Ɗauki hoto da waya, zai taimaka wajen mayarwa.

Mataki na 5. Jiƙa ƙarafan a ruwan kal na awa ɗaya zuwa biyu. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, gishirin ne yake narkewa. Kada ka bar su su kwana a ciki, domin tsami yana cin tagulla kuma yana dusashe ƙyallin famfo. Goge zaren da buroshi, ka ɗauraye sosai da ruwa mai tsabta.

Mataki na 6. Duba woshar da zoben roba. Idan sun tsage, sun kumbura ko sun yi tauri kamar busasshiyar fata, canza su. Sa yatsa ka shafa wurin da wosha ke zama a cikin jikin famfo, ka cire duk yashin da ka ji.

Mataki na 7. Shafa man silikon kaɗan a zaren sanda da zoben roba. Ɗan shafi ya isa.

Mataki na 8. Mayar da komai. Fara ɗaurawa da hannu har ka ji zaren ya hau daidai, sannan ka ƙarasa da sufana ba tare da matsewa da yawa ba. Bar famfon a buɗe, ka sako ruwa a hankali, ka bar shi ya zuba a ƙasa na minti biyu ko uku kafin ya tafi wurin kaji ko kifi. Wannan yana wanke ragowar tsami da datti.

FAMFO MAI JUYI KAƊAN

Ana buɗe shi kamar na sama, sai dai abin da ke ciki dunƙule ɗaya ne. Jiƙa shi a ruwan kal, ka ɗauraye, ka juya shi da hannu a cikin ruwa don yashi ya fita. Idan faifan tangaram ɗin ya tsage ko ya karce, ba ya gyaruwa, sai dai a sayi sabon dunƙulen mai girma iri ɗaya.

BAWUL NA GINDIN TANKI

Bol-bawul na roba iri biyu ne. Akwai wanda aka haɗe da gam, ba ya buɗuwa. Akwai mai manyan notoci a gefe biyu, wanda ake kwancewa a wanke a mayar. Idan naka mai notoci ne, kwance shi, wanke ƙwallon da mazauninsa, shafa man silikon, ka mayar.

Idan na gam ne, rage ruwan tanki, ka zuba ruwan ɗumi a jikinsa, ba tafasasshe ba, domin ruwan zafi sosai yana lanƙwasa bututun roba. Riƙe bututun da hannu ɗaya, ka riƙa motsa hannun gaba da baya kaɗan-kaɗan har ya saki. Idan za ka iya kaiwa ga ƙwallon ta bakin bututu, shafa masa man silikon da yatsa ko da ɗan kara. Idan robar ta yi fari ta fara garewa saboda rana, kar ka ɓata lokaci, yanke shi ka sa sabo, kuma wannan karon ka sayi mai notoci. Ya ɗan fi tsada amma ba sai ka sake yanka bututu ba.

Shi kuwa get-bawul, yawanci taurinsa daga notin ƙasan sitiyari ne ko gishiri a sanda. Sassauta notin kaɗan, goge sandar, ka shafa mai.

ABUBUWAN DA BA A YI

Kada ka zuba baƙin mai, man inji, kananzir ko gas a inda ruwa ke bi. Suna yin shimfiɗa a saman ruwa, su cutar da kifi, su sa kaji ƙin shan ruwan. Haka kuma man da aka yi daga fetur, har da basilin, yana kumbura irin robar da ake yin wosha da ita, bayan 'yan kwanaki famfon ya fi da tauri.

Man feshi irin WD-40 yana da amfani wajen kwance ƙusar da ta yi tsatsa ta waje. A nan ya tsaya, a goge shi tas kafin a haɗa famfo.

Man gyaɗa da manja suna sassauta famfo na ɗan lokaci, daga baya su yi danƙo su kama ƙura.

Kada ka yi amfani da ruwan batir don narkar da gishiri. Yana ƙona hannu da ido, yana cinye ƙarfe, kuma guba ne ga dabbobi.

Kada ka zura bututun ƙarfe a hannun famfo don ƙarin ƙarfi, kuma kada ka buga da guduma. Abin da ke karyewa shi ne sandar ciki, daga nan sai sabon famfo.

IDAN SAI AN CANZA

Idan zaren sanda ya cinye, ko jikin famfo ya tsage, ko sandar ta lanƙwashe, canji ne kawai mafita. Wajen ɗaura sabo, naɗa farin tef a zaren ta ɓangaren da ake ɗaurewa, wato dama idan bakin zaren yana kallonka, don kada ya warware lokacin da kake murɗawa. Zaɓi famfon tagulla mai nauyi a hannu, domin mara nauyi mai ƙyalli sau da yawa ba ya daɗewa. Idan bututun a cikin bango yake, ko ƙarfe ne da ya yi tsatsa, kira mai gyaran famfo. Kuɗin aikinsa bai kai na fasa bango ba.

RIGAKAFI

Rufe famfo da yatsu, da zarar ruwa ya tsaya ka tsaya. Koya wa yara da yaran gona haka, don matsewa da ƙarfi ita ke kashe wosha.

Kowane bawul, har wanda ba a cika amfani da shi ba, a buɗe shi a rufe sau biyu ko uku duk mako. Wanda aka bari wata da watanni a wuri ɗaya shi ke kafewa.

Idan ka buɗe get-bawul ko famfo mai murɗawa har ƙarshe, dawo da shi baya rabin juyi don kada ya manne a sama.

Sa matata tsakanin burtsatse da tanki idan ruwanka na da yashi, kuma ka ɗaga bakin fitar ruwa sama da gindin tanki kaɗan don laka ta kwanta a ƙasa.

Bayan kowane zagayen magani ko bitamin, kora ruwa mai tsabta ta cikin bututu. Idan an kwashe kaji, a wanke tanki da layin ruwa gaba ɗaya kafin a zuba sabbin 'yan tsaki.

Rufa wa bawul ɗin roba inuwa, ko da buhu ne ko guntun kwano.

Ajiye wosha biyu, tef ɗaya da bawul guda na ko-ta-kwana a wurin kiwo.

Aikin wannan makon: zagaya ka taɓa kowane famfo da bawul da ke gidanka da wurin kiwonka. Wanda ya juya da yatsu biyu lafiyarsa ƙalau. Wanda sai da ka sa ƙarfi, ware masa safiya ɗaya ka gyara shi tun yana juyawa. Mai tambaya ya faɗi irin famfonsa da ruwan da yake amfani da shi, burtsatse ne, rijiya ko na gwamnati, za mu amsa daidai da matsalarsa. Allah ya sa albarka a kiwonmu.