Ƙaramar Mota Mai Turbo a Zafin Sakkwato

Malam mai tambaya daga Tudun Wada, Sakkwato, kana son sayen Golf GTI 'yar Kwatano. Shawararmu, ka fara lissafin baƙin mai kafin kuɗin motar. Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai na taimakawa wajen sanyaya shi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, jinkirta juye baƙin mai kashe turbo ne. Za ka ce ai injin ƙarami ne, ba ya shan fetur. Haka ne, muddin ba ka danne totur ba, amma don gudu ake sayenta. Kafin ka biya, bakanike ya tayar da ita da sanyin safiya. In ta fitar da shuɗin hayaƙi, ka haƙura.